Tukunyar Kamun da Na Hana a Fasa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba ta gizo ba ce, a kaina aka yi ta.

Tukunyar kamu ba a wanke ta da sabulu. Haka uwata ta koya mini a Gella, kafin aure ya kawo ni Mubi da tukunyar a kaina. A jiƙa jar masara, a markaɗa, a tace, a zuba a ciki a rufe. Da farko za ka ga kamun ruwan ɗorawa shar. Sai kumfa ta taso, launin ya soma dusashewa, kuma yadda yake dusashewa haka ƙamshi ke fitowa, kamar nunannen mangwaro a ɗaki. Akwai wani abu mai rai a jikin yumɓun da ke cin launin ya mayar da shi ƙamshi. Jikata ta ce ɗan'uwan yis ɗin burodi ne. Mu dai iri muke ce masa.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari, da zanin jikinmu muka hau duwatsu. Da muka dawo, mun tarar sun zauna a gidanmu. Sun ci abinci a kwanukanmu, sun ƙone ƙofofi sun yi girki. Matar ɗana ta rasa ƙanenta a hannunsu, don haka ta ce duk abin da suka taɓa sai an fasa shi ko an ƙone. Ɗana ya goyi bayanta. Ban ga laifinta ba. Aka ƙone tabarmi, aka farfasa randuna.

Tukunyata tana kife a tsakar gida, da alama kujera suka mayar da ita. Da na ga matar ɗana ta nufo ta da taɓarya, sai na riga ta, na zauna a kai.

Ta ce, "Mama, ki tashi. Jikinsu ya taɓa ta."

Na ce, "'Yata, hannun uwata ya riga jikinsu. Sun fasa abin da suka fasa sun tafi. Ba zan ƙarasa musu aikin da hannunmu ba."

Ɗana ya lallashe ni, ya ce zai sayo mini roba mai murfi a kasuwa. Na tambaye shi ko a cikin roba aka yaye shi. Suka bar mini tukunyata.

Na ɗauraye ta da ruwa zalla na zuba kamu. Na farko wari ya yi, na zubar. Na gaba ya yi tsami, ba ƙamshi, launin yana nan daram kamar yana mini dariya. Na ji tsoro irin ya mutu, amma ban faɗa wa kowa ba. Na ci gaba da zubawa. Wata safiya na buɗe, na tarar kumfa ta taso, kamun ya yi fari-fari. Jikata tana shara, ta ɗago kai ta ce wa ya kawo mangwaro.

Ɗana ya sha kokon yana kallon ƙasa. Yanzu yana noma a Bahuli. Matarsa har yau ba ta ɗanɗana ba, a robarta take yin nata, ni kuma ban taɓa matsa mata ba. Jikata ta yi aure a Betso, na guntsa mata ruwan tsamin tukunyar, irin ke nan, a kwalba ta tafi da shi. Ni kuwa gwiwa ta hana ni zuwa markaɗe, sai dai in aika.