Jif Biyu, Inna da Awakinta

Liman na sallame sallar asuba muka tada motoci daga Sakkwato, don mai bin hanyar Sabon Birni a 'yan shekarun nan ya san saboda 'yan bindiga da rana ake shiga, da rana ake fita. Jif biyu muka ɗauka, baƙa da fara, kowace da direbanta, kuma babu tamu a ciki. Yayana, ɗan kasuwar albasa, shi ke son sayen ɗaya, sai wani dillali abokinsa ya ba shi duka biyun ya gwada na yini guda. Ni an gayyace ni saboda na fi kowa ƙiba a gidanmu, ɗan baffanmu kuma saboda tsawo, irin tsawon da sai ya sunkuya yake shiga masallacin unguwa. Yaya ya ce ni ne ma'aunin faɗi, shi ne ma'aunin tsawo. Ban ji daɗin muƙamin ba, amma an yi mini alkawarin fura a Goronyo.

Ainihin dalilin tafiyar Inna ce, mahaifiyarmu, da ke ƙauyenmu kusa da Tozai. Bana ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke. An yi shuka sau biyu tana ƙonewa, rijiyar gari sai da aka ƙara wa guga igiya, ga gwiwoyin Inna sun kumbura. Duk lokacin da aka aika a ɗauko ta a motar haya sai ta ƙi, ta ce ita ba buhu ba ce da za a cusa ta mutum huɗu a kujera ɗaya. Yaya ya rantse wannan karon zai kai mata motar da ba ta da abin cewa a kanta.

Baƙar muka fara shiga. Doguwa ce, hawanta sai ka kama ƙarfe kamar mai hawan raƙumi. Layin tsakiya kujeru biyu ne daban-daban, na fata mai laushi, kowace da majinginar hannu. A karon farko a rayuwata na zauna a mota har wuri ya rage inda na aje hulata. Na ce wa Yaya a rufe magana, an samu mota.

Mun wuce Achida na fara jin zafi daga ƙasa. Sanyin mota na bugun fuskata, amma mazaunaina kamar na hau kaskon masa. Na fara tunanin basir, na shiga karanta duk addu'ar da na sani. Da zufa ta jiƙa min riga direba ya waiwayo ya ce, "Alhaji, kai ka kunna na'urar ɗumama kujera da gwiwa. Don ƙasashen sanyi aka yi ta." A shekarar da kowa ke roƙon girgije, ni ana toya ni daga ƙasa. Na kai hannu in kashe, na danna wani maɓalli daban, sai na ji wani abu na tafiya a gadon bayana. Na kurma ihu na ce maciji. Ashe tausa kujerar ke yi. Da na gane haka ban bari an kashe ta ba har Goronyo.

Ɗan baffa kuwa layin ƙarshe aka tura shi. Gwiwoyinsa a haɓa, wuyansa a lanƙwashe, da ya fito sai da ya yi taku goma yana ruku'u. Hukuncinsa shi ne, an yi wannan layi don yara ƙanana ko wanda kuke gaba da shi. Ga shi in an ɗaga layin, buhu biyu kacal na geron da muka ɗauko wa dangi ke shiga baya. Sauran duk farar ta kwashe.

A Goronyo na karɓi alkawarina. Nonon tsululu ne, na yi ƙorafi, Bafulatanar ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce saniyar da ta kwana da karan bara me nake so ta ba ni. Na shanye tas. Kuɗin tiyar gero kuwa ya kai inda mai saye ke tambaya sau biyu, ko kunnensa ne bai ji daidai ba.

Nan muka koma farar. Ta fi gajarta, kujerar tsakiya doguwa ce guda ɗaya, ta fi tauri, kuma mariƙin ƙofa ya sami mazauni a haƙarƙarina. Ɗan baffa kuwa ya ja kujera baya ya miƙe ƙafa har yana hamdala. Rufin gilashi ne kawai ya gasa masa sanƙo kafin mu gano yadda ake rufe shi. Muka yi ta gardama, ni ina bayan baƙa, shi yana bayan fara, har Unguwar Lalle. A shingen sojoji an leƙo ana neman babban mutumin da ke ciki, aka gan ni, aka sara mini. Ƙiba ma da ranarta.

Daga nan gardamar ta mutu da kanta. Gero bai kai gwiwa ba, ganyensa ya nannaɗe ya yi launin toka. Mun wuce mutane suna dawowa daga roƙon ruwa, tsofaffi a gaba. A Sabon Birni an ɗauka mu 'yan siyasa ne, aka yi ta ɗaga mana hannu, Yaya da tun safe yake yabon fatar kujera ya sunkuyar da kai. Muka ratsa Isa muka saki kwalta muka kama yashi har ƙauyenmu.

Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta ma yi masa magana kai tsaye, don ɗan fari ne. Ni auta nake isar da saƙo, ko da yana tsaye a gabanta. Aka kifa turmi ta taka ta hau baƙar, ta zauna, ƙafafunta na lilo ba su taɓa ƙasa ba. Ta shafa fatar ta ce, "Auta, gaya mashi wagga kujerar alƙali ce. Ina za ni miƙe ƙahwa?"

Da ta sauko ta ce ita fa ba inda za ta. Akwai ƙawarta, tsohuwar da suke katanga ɗaya, wadda 'ya'yanta duk sun tafi cin rani, tukunya ɗaya suke ci tun da fari ya kama. Ga kuma awakinta uku. "In na tahi, wa za shi ba ta tuwo? Wa za shi ba su dussa?"

An kira azahar, kuma dole mu bar yankin kafin la'asar. Yaya ya cire hula yana fifita. Direban farar ya je ya sauke buhunan gero, ya kwantar da kujerun baya duka, cikin motar ya zama fili kamar ɗaki. Aka shimfiɗa tabarma da 'yar katifa. Inna ta leƙa, ta hau ba turmi, ta miƙe ƙafafu biyu ta yi ajiyar zuciya. Sai ta ɗaga murya ta kira ƙawarta da ke bayan katanga, ta ce ta ɗauko kwanonta da carbinta. Tsohuwar ta fito tana kuka tana cewa ba ta wanke zanenta ba.

Saura awaki, kuma wuri ɗaya ya rage. Haka aka ɗora su a layin ƙarshe na baƙar, ɗan baffa ya ce yau kujerun sun sami masu su. Ni na koma kujerar tausata a gabansu. Daga Isa har Sakkwato wata jar akuya tana taunar wuyan babbar rigata, ban iya juyawa in hana ta ba, don faɗin kujerar bai kai na juyi ba.

Mun shiga gida kafin magariba. Yaya ya ce in tambayi Inna wacce zai saya. Ta dube shi, shi kansa ba ni ba, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Wadda ta ɗauko ta." Ta nuna ƙawarta da haɓa. Farar ya saya. Da safe dillali ya buɗe ƙofar baƙar, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya rufe a hankali, ya tambaya ko mun biya ta kasuwar dabbobi ne.

Abin da na koyo, in za ka gwada mota kada ka tafi da mai ƙiba da dogo, kowa jikinsa zai auna. Ka tafi da tsohuwa, ita za ta ƙirga maka waɗanda ba a bari a baya. Yanzu su biyun suna ɗaki ɗaya, likita ya duba gwiwar, kuma kullum da hantsi sai sun sa a kira ƙauye a ji ko hadari ya haɗu.