Ruwan Rijiya a Jarkar Zamzam

A shekarun da nake tuƙa wayit a Makka, wato tankar ruwa, daga rijiya ɗaya nake ɗiba, a wata gona da ke bayan Arfa. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, Balarabe ne mai gajen haƙuri, shi ke karɓo aiki, ni nake kai ruwa. Wata shekara ya samo mana babban aiki, ruwan alwala da wanka na wasu tantunan alhazai ranar Arfa. Ya tambaye ni ko rijiyar za ta ɗauka, na bugi ƙirji na ce har da ragowa. Ya ce to, in ruwa ya yanke wa baƙin Allah a ranar, iƙamata, takardar izinin zamana, ce za ta yanke. Na san ba wasa yake ba, kuma da wannan takarda nake riƙe da iyalina a garin.

Nakan zubo ruwan rijiyar in kawo gida don wanke-wanke, a tsofaffin jarkokin zamzam, tunda ba gidan Makka da ba su yi wa yawa ba. Matata ta sha yi mini faɗa a kai, ni kuwa na yi kunnen uwar shegu.

Cikin azumi yayar matata ta zo umara, ta sauka wurinmu a unguwar Kudai. Injiniya ce, ta daɗe a ƙasar waje tana aiki a rijiyoyin da ake haƙawa cikin kwal don tatso iskar gas. Ranar da ta iso, da aka kira magariba, matata cikin rawar jiki ta tsiyayo mata ruwa. Yaya ta miƙe ta fuskanci alƙibla, ta yi doguwar addu'a kamar yadda ake yi wa zamzam, ta kurɓa. Sai ta tsaya tana juya ruwan a baki.

"Wannan ba zamzam ba ne," in ji ta.

Matata ta jefo mini harara. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na shiga ba da haƙuri ina bayanin inda ruwan ya fito. Yaya ko a jikinta, sai ma ta ce a ƙara mata.

"Bara ma haka ɗanɗanonsa yake?"

Matata ce ta amsa. Ta ce bara sabulu na kumfa, bana sai ta yi ta guga, butar shayi ta yi farin ɓawo, wake kuma ya daina nuna da wuri.

Yaya ta ce a wurin aikinsu kafin gas ya fito sai an zuƙe ruwan da ke danne da shi cikin kwal, kuma wannan ruwan suke aunawa su san abin da rijiya za ta yi. In ya zo da ɗanɗanon kanwa, tsohon ruwa ne da ya kwana cikin kwal, gas na tafe. In ya zo garau kamar na sama, wani ruwa ne ke kutsowa, sai a shekara ana zuƙa a banza.

"Taka rijiyar akasin haka ce," ta ce da ni. "Ruwan sama mai daɗi shi ne arzikinta. In gishiri ya fara hawa, kun sha na sama kun kusa gindi. Ruwa ba ya tsami banza."

Raina bai so maganar ba. Na ce, "Yaya, injin nan fa kwararo ruwa yake kamar da bakin ƙwarya."

"Inji bai san abin da ya rage ba, ja kawai ya sani."

Ta sa ni in riƙa kawo mata kwalba duk lokacin da na je ɗiba. Takan auna kofi guda ta dafa a ƙaramar tukunya har ya ƙone ƙurmus, ta kankare farin garin da ya rage ta ajiye a faranti, kowane tuli daban. Baƙuwar da ta zo ibada, ga azumi ga zafin Makka, tana tsaye kan murhu saboda ni. Kafin sallah tulin baya ya fi na farko, ko makaho ya shafa zai gane.

Bayan ta koma gida na ɗauki farantin na kai wa kafilina. Ya yi ta faɗa da Larabci, wai yaushe aka fara duban rijiya da tukunyar miya. Da ya gaji ya ce, "Khalas, shi ke nan, nemo wata, amma wahalar hanya taka ce." Na samo wata rijiya can wajen hanyar Ɗa'ifa, mai nisa, aka riƙe mana wuri.

Alhazai sun fara cika gari injin tsohuwar rijiyar ya soma tari, yana tofo laka. Masu wayit da suka dogara da ita suka bazama neman ruwa, ba wuri. Ni kuwa na yi ta jigila daga mai nisan har tankunan tantunanmu suka cika.

Ranar Arfa da rana tsaka na sauko daga mota na bi layin famfo tare da alhazai. Wani tsoho a gabana ya daɗe yana kwara wa kansa ruwa yana hamdala. Na yi alwala a bayansa, na koma inuwar mota na kira Yaya. Na ce ban san da bakin da zan gode mata ba, kuma har yau ina jin kunyar ruwan da muka shayar da ita.

Ta yi dariya ta ce, "Ka san abin da na roƙa a kansa? Cewa na yi Allah Ya rufa wa ƙanwata da mijinta asiri. Da na ji gishiri na ɗauka addu'ar ta tashi a banza."

Na bar wayar a kunnena, ina kallon famfon yana zuba.