Kwano Uku a Gindin Gwaiba

Har yau in ruwan fari ya sauka, ƙasa ta tayar da warin kashin awaki, sai in gan ni a bayan gidanmu na Goron Dutse, ina 'yar shekara tara, kwandon taki a kaina, ina ta tsaki.

Kakata ba ta yarda a zubar da komai. Kashin awaki, tokar murhu, ɓawon gyaɗa, duk rami ɗaya suke shiga, a rufe sai sun ruɓe sun yi baƙi. Masu jakuna kan zo neman taki don gonakin bayan ganuwa, ta ce musu nata yana da masu shi. Masu shin su ne lemun tsami biyu da wata 'yar gwaiba da Baba ya dasa daf da shigarsa soja, lokacin yaƙin basasa. Ni ce mai ɗibar takin, kuma wallahi na tsani aikin nan.

Gwaibar nan Kaka ta mayar da ita madadin ɗanta. Kullum da hantsi sai ta je ta duba toho. In ganye ya yi kore shar, ranar za ta ci tuwo sosai. Wasiƙar Baba jifa-jifa take zuwa, kowacce kuma da tambaya ɗaya take ƙarewa: yaya gwaibata?

Ana nan sai Baffa, ƙanen Baba, ya kawo buhun takin zamani don gonarsa, ya jingine a zaure. Fari tas kamar gishiri, ba wari ko kaɗan. Ya yi ta kuranta shi, wai ɗan barbaɗe kawai dawa ke so ta wuce kan mutum. Kaka ta murza shi a yatsa ta ce, "Naka shuka yake ciyarwa, nawa ƙasa yake ciyarwa. Haɗa su za ka yi. Kar ka ga hadari ka zubar da ruwan tulu."

Ni ban ji wannan ba, na Baffa na ji. Na ce a raina, in barbaɗe na yin haka, ai kwano uku zai sa gwaiba ta yi 'ya'ya kafin Baba ya dawo, ni ma in huta da kwando. Ana tsakiyar bazara, ƙasa a bushe ƙamas. Na faki ido na juye kwano uku a gindinta, na rufe, na yayyafa ruwan buta ɗaya.

Kwana huɗu bakin ganyen ya ƙone. Kaka ta tona da hannunta, ta ga fari. Ta dube ni. Ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni. Ta kwashe ƙasar, ta yi ta jan guga tana kwarara ruwa har tafin hannunta ya yi kanta, amma ina, sauri ya haifi nawa. Gwaibar ta bushe.

Da wasiƙa ta zo, Baffa ya zauna rubuta amsa. Kaka ta ce, "Ka ce masa tana nan lafiya." Ya ɗaga kai. Ta ce, "Rubuta." Matar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ni na sa ta yi.

Amsa ba ta zo ba. Yaƙi ya ƙare, 'ya'yan wasu suka dawo, namu bai dawo ba. Wurin da gwaibar take ya yi damina biyu ko ciyawa bai fitar ba, Kaka tana ta zuba masa takinta har ya farfaɗo.

Yanzu bayan gidan an malale shi da siminti, ba rami ba awaki. Ina da ɗan lambu a wajen gari. Takin gargajiya nake fara sawa, na zamani kuwa da murfin kwalba nake aunawa, nesa da gindi, jikokina suna yi mini dariya wai rowa ce. Ba su lura cewa babu gwaiba a lambun ba.

Ban san ko wasiƙar nan ta sami Baba ba. Abin da nake roƙon Allah shi ne a ce ta same shi, ya tafi yana zaton gwaibarsa tana nan.