Ƙauri Tsakanin Surukai

Inna ba ta taɓa kiran mijina da suna ba, ba ta kuma taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In za ta ambace shi sai ta ce "mutanen Anka", kamar gari guda na aura. Shi kuma da ya hango ta zai tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa, ya gai da ƙasa. Duk abin da za su faɗa wa juna ta bakina yake bi, ko da kuwa tabarma ɗaya ce ta raba su. Ni abin haushi yake ba ni. Shi kuwa damunsa yake yi a ɓoye, don mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye, kuma ya sha tambayata ko Inna na ƙaunarsa, ko dai haƙuri kawai take yi da shi saboda ni.

Shekarar da ya sayi mota, tsohuwa ce amma yana ji da ita, muka je Gummi bayan an gama bugun shinkafa don mu ɗauko Inna ta kwana biyu a wurinmu. Ta ba mu shinkafa, buhunan kuwa suna can fadama. Maimakon ya bari a kawo a amalanke, sai gogan ya ce ai ga mota. Ya kutsa har bakin gona, yana bi ta kan tulin ciyawar shinkafa da aka watsar. Inna ta shiga baya da kwandon bandar kifi, tsarabar maƙwabtanmu, na zauna kusa da ita. Mura ta toshe mini hanci a ranar, ko barkono aka ƙona ba zan ji ba.

Mun shiga ƙasar Bukkuyum ke nan na ga mijina ya sauke gilashi. Can sai Inna ta yi tari, ta ja mayafi ta rufe hanci. Shi ya ƙara wuta, ita ta ƙara tari. Daga baya ta mintsine ni.

"Ke, tambayi mutanen Anka, ko lahiya motag ga take?"

Na maimaita masa, alhali kunnensa ya fi nawa kusa. Ya ce in ce wa Inna lafiya lau, mota sai godiyar Allah. Na isar da saƙo ina harare-harare. Kowa na haɗiyar abin da ke bakinsa, ni kuma a tsakiya ban san dawan garin ba.

Sai da hayaƙi ya fara shigowa ta tagar baya sannan Inna ta daki kujerarsa da tafin hannu ta ce, "Tsaya!" Ba ta bi ta kaina ba. Ya taka birki har kwandon kifi ya kife, ya gangara gefen titi ya kashe mota, muka fito.

Ya buɗe gaban mota yana shinshinawa. Baƙin mai bai zuba a kan inji ba, bel bai goge ba, wayoyi ba su narke ba. Ya zagaya yana kara bayan hannu kusa da kowace taya ko birki ne ya kama, duk babu zafin a-zo-a-gani. Inna na tsaye can gefe ta juya masa baya, ta ce wa iska wannan ƙaurin haki ne, wanda duk ya taɓa ƙona gona ya san shi. Ya kwanta da farar shaddarsa ya leƙa ƙasa. Ashe ciyawar fadama ce ta naɗe bututun hayaƙi, wato salansa, dam, ta yi baƙi, tana ci a hankali, ga tankin mai ba nisa. Sai a lokacin na ji tsoro.

Ya dinga watsa yashi, Inna ta miƙo mini butar alwalarta na miƙa masa. Da wutar ta mutu ya karyo reshe ya zaƙulo ciyawar tas, muka zauna a inuwa ƙarfe ya huce. A nan na tsare shi, me ya hana shi tsayawa tun da ya ji ƙauri? Ya sunkuyar da kai ya ce wallahi ya ɗauka kifin Inna ne, ya ga bai dace ya nuna tsarabarta ta dame shi ba. Na juya kan Inna. Ta ce ita tun farko ta san ba kifi ba ne, amma da wane baki za ta kushe wa mutum motar da ya daɗe yana buri, a ranar da ya fara ɗaukarta? Na ce to madalla, da mun ƙone ƙurmus cikin ladabi da biyayya. Inna ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ina faɗa, amma tausayinsu da ƙaunarsu sun cika mini zuciya.

Da muka koma mota, kunya ta dawo inda take. Inna ta gyara zama, ta kalli taga, ta dube shi ta wutsiyar ido, shaddar nan duk toka da ƙasa.

"Ke, ce ma ɗana shi tuƙa sannu, ba mu sauri."

Makulli na hannunsa, bai murɗa ba. Ya ɗan juyo gefena, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa me Inna ta ce. Na ce ai ka ji da kunnenka.

Ya ce, "Na ji. Sake faɗa mini dai."