Rumbun Tsimi da Sandar Tagulla

Ba zan faɗi sunana ba. Mahaifina ya rasu da mutuncinsa a Falanko, ba na son in tono shi. Manomi ne, ni kuwa tun ina ƙarami na tsani hauya. Da ya ga ba ni da alamar gona, sai ya kai ni Damagaram wurin wani maƙerin fari, mai ƙera wa mata mundaye da zobba. Hannuna ya faɗa da wuri. Kaico, da ma bai faɗa ba!

Abin ya soma ne da ɗan kankare. Mace ta kawo azurfa a yi mata munduwa, in kankare kamar ƙwayar gero, in cike gurbin da dalma. Yau ƙwaya ɗaya, gobe biyu. Ranar da maigidana ya kama ni bai dake ni ba, cewa kawai ya yi, "Hannunka ya fi zuciyarka kyau. Tashi ka ba ni wuri." Na tashi, amma na tafi da abin da na koya.

A maƙerarsa na fara ganin sandunan zinariya na gaske, waɗanda fatake ke kawowa daga Gwanja. Akwai ƙarama kamar ƙwallon dabino, akwai mai girman ƙaramin yatsa, ita ce babba. Da miskali ake auna su a ɗan ma'auni, a goga su a baƙin dutse a duba launin zanen. Mai girman yatsar nan kaɗai ta isa ta sayi raƙuma. Zinariya ba girma gare ta ba, nauyi gare ta. Wannan kowane maƙeri ya sani, amma ba kowane manomi ba.

Sai na riƙa zuba tagulla, in cusa dalma a cikinta don ta yi nauyi, in wanke bayanta da ruwan zinariya. Ban taɓa tallarta a birni ba, ni ba mahaukaci ba ne. Ƙauyukan Damargu na nufa, inda mutane ke fargabar ranar da gardi, dogarin Nasara, zai zo ƙirga rumbuna da dabbobi saboda harajin Nasara. In ce musu ga dukiyar da gara ba ta ci, gardi ba ya gani.

Haka na sauka gidan Malam Kalla, a wani ƙauye kusa da Gangara. Dattijo ne mai mata ɗaya, Fanna, da ƴaƴa uku ƙanana da ya samu da tsufa. Kwana uku yana kawo mini fura da hannunsa, yana ce mini "baƙona". A bayan gidansa akwai rumbun tsimi, geron shekara uku, wanda a gidansu tun kakanni ba a buɗe shi sai ranar yunwa. Tun da na ɗora ido a kan rumbun nan na daina jin ɗanɗanon furar.

Na shimfiɗa masa sanduna uku a tsumma. Ya tsallake ƙananan, ya ɗauki wadda na zuba musamman don irinsa, tsawon tafin hannu, kaurin yatsa biyu. Manomi da ido yake awo, dami babba shi ne dami. Da ta gaske ce, da ta sayi rumbunan garin gaba ɗaya, amma bai yi mamakin yadda zan ba shi ita a bakin rumbu ɗaya ba.

Fanna ta yi magana daga bayan zana, ta ce, "Malam, ana dafa ƙarfe a ci?"

Ya ce, "Ke dai ki yi shiru. Bana ma za mu noma wani."

Na rantse masa da Allah, wallahi na rantse. Na kuma ja masa kunne kada ya nuna wa kowa, don in labari ya kai bariki za a ƙwace. Geron na sayar wa Buzaye masu ayari, suka ɗora wa raƙuma suka yi arewa da shi.

Daminar da ta biyo, gero na yin ciki ruwa ya ɗauke, fara ta share abin da ya rage. Ni ina Belbeji lokacin, ina cin nama. Na ji ana cewa akwai yunwa wajen Gangara, ko a jikina. A nan dubuna ta cika. Na sayar wa wani Buzu sanda, shi kuwa bai ɓoye ba, kai tsaye ya miƙa wa maƙerinsu, ya goga a dutse a gaban jama'a. Aka ɗaure ni da igiya, aka kora ni a ƙasa har Damagaram. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya yanke mini shekara uku a gidan kaso.

Fasa dutse muke yi. Rana ta biyu, wani tsoho da ƙasusuwan haƙarƙarinsa duk a waje ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baƙona, ka iso?"

Gudumar ta faɗi daga hannuna. Malam Kalla ne.

Da aka ba mu hutu ya ba ni labari. Da yunwa ta kai su ga cin anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci, ya tono sandar, ya ce wa Fanna ta ba shi kwana goma, zai dawo da jakuna ɗauke da hatsi. Ya tako har birni. Maƙerin da ya kai wa ya ɗaga ta a hannu kawai ya yi ihu, "Macuci!" A gaban kumandan, tafinta ya tambaye shi wa ya ba shi. Sunan da ya faɗa na ƙarya ne, don shi na gaya masa a matsayin sunana. Aka ce shi ya zuba ta, aka ɗaure shi.

Na jira ya tsine mini, bai tsine ba. Da ya tsine da na sami sauƙi. Na je na faɗi gaban gardi na ce ni ne mai laifin, a saki tsohon nan. Na roƙi tafinta har ina kama ƙafarsa. Ya ce shari'a ta wuce, gardi ya ƙara mini da bulala.

Malam Kalla bai ga wata damina ba. Ranar da ya kasa tashi ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaro, ba geron ne ke cina ba. Fanna za ta ce na sami dukiya na gudu na bar su. In ka fita, ka je ka gaya mata ban gudu ba."

Ranar da aka sake ni ban nufi Falanko ba, Gangara na nufa. Na tarar da gidan ya zama kango, rumbun ya faɗi a gefe ɗaya. Na tambayi wani maƙwabci, ya ce, "Wane Kalla? Wanda ya gudu da zinariya?" Ya ce ƙananan yaran biyu sun mutu a wata guda. Fanna ta yi ta tonon gidan tururuwa tana neman ƙwaya, tana duban hanya, har ta gaji ta ja babbar ƴar suka yi kudu, tana Allah ya isa.

Na tsaya ƙofar masallaci na faɗi gaskiya duka. Suka dake ni har na suma, kuma sun yi daidai. Amma wadda aka aike ni gare ta ba ta ji ba.

Na tuba, na bar wuta da zugazugi har abada. Yanzu dako nake yi kasuwa-kasuwa, ina tare kowane ayari da ya fito daga kudu ina tambaya. Na je Tasawa, na je Daura, babu wanda ya san ta. Ina tsoron in mutu da saƙon nan a bakina.

Ku samari, kada ku raina ɗan kankaren farko, daga shi na soma. Kada ku ci abincin mutum kuna auna rumbunsa. In kuma an kawo muku abu mai walƙiya aka ce kada ku nuna wa kowa, ku nuna wa kowa da kowa.

Sannan ina roƙonku abu ɗaya, don Allah, don Annabi. Duk wanda ya gamu da wata mata Fanna, mutuniyar Gangara, mai ƴa ɗaya, ya gaya mata Malam Kalla bai gudu ba.