Hannun Numeriyus Mai Wake

Rubuta, Desimus, ka daina karkaɗa ƙafa kamar mai jin fitsari. Fara da sunansa: Numeriyus, yayana, mai dafaffen wake a layinmu na unguwar Subura, nan birnin Rum. Ka gyara hannu, don ba a taɓa rubuta sunan nan a ko'ina ba.

Tun yana yaro yake da farfaɗiya, kuma ba ta sallama. Yana cikin zuba wa mutum wake sai ya yi wata irin ƙara, ya kife kamar an sare itace. Ga tukunya tana tafasa a gabansa, ga garwashi. Mutanen layinmu ne suka raya shi har ya yi furfura. Da an ji ƙarar nan kowa zai tofa yawu a ƙirjinsa don kada ciwon ya kama shi, sannan ya ruga wurinsa. Wani ya janye shi daga wuta, wani ya tallafe kansa. Statiyus mai burodi ne kullum yake riga kowa. In yayana ya farfaɗo sai ya ce masa, "Barka da dawowa, maigida. Me suka ce a lahira?" Shi kuma ya ce, "Sun ce ka riƙe burodinka, duwatsunsu sun ishe su."

Ka san al'adarmu ta Rum. In jama'a sun taru za a kaɗa ƙuri'a, wani ya faɗi da farfaɗiya, to alloli sun ƙi ranar, sai a watse. Shi ya sa yayana bai taɓa taka filin taro ba.

Sai aka yi shekarar da jirage suka taso da alkamar talakawa, ba ta iso rumbu ba. Yunwa ta shigo gari. Wakilin talakawa ya ce a taru a kaɗa ƙuri'a a kafa bincike, ga shi wa'adinsa ya kusa cika. In aka ɗage taron, magana ta mutu.

Ina zaune a rumfarsa da hantsi wani ƙato mai tabo a leɓe ya zo, yaron wani babban ɗan majalisa ne. A'a, kada ka tambaye ni sunan uban gidan. Jikokinsa suna nan, kai kuma yawo kake kai kaɗai.

Ya ce, "Baba mai wake, an ce kai gwanin faɗuwa ne."

Yayana ya ce, "Ba gwaninta ba ce, ranka ya daɗe, lalura ce."

"Jibi ka zo filin taro. Da mai shela ya ce a fara, ka faɗi."

"Ai ba ni nake kiranta ba, ita take zuwa."

Mai tabo ya leƙa tukunya, ya hure tururi. Ya ce, "Mai irin ciwonka, in aka tsinci kansa a cikin wannan, wa zai yi tambaya?" Ya ɗebi wake ya watsa a baki, ya yi gaba.

To ga inda matsala take. Numeriyus bai taɓa ganin faɗuwarsa ba. Abin da ya sani, yana tsaye, sai ya gan shi a kwance harshe na jini. Dole matarsa Salbiya ta kulle ƙofa ta gwada masa. Tana kuka tana yi: ga ƙarar, ga yadda ido yake juyewa, ga shure-shuren. Sai dai ita lafiyarta ƙalau, jiki ba ya yarda ya bugu a banza. Duk sanda za ta kai ƙasa sai ta ɗan tokare da hannu. Ina kallo ban lura ba. Shi kuwa ya kwashe komai, har da hannun.

Ranar taro ina gefensa, mai tabo yana bayanmu har ina jin numfashinsa a ƙeyata. Gumi ya jiƙe rigar yayana, leɓensa na motsi, roƙon ciwon yake ya zo da gaske. Bai zo ba. Mai shela ya ɗaga murya, yayana ya kurma ihu ya zube. Fili ya cika da tofe-tofe, manya suka ce a watse.

Statiyus ya ture mutane ya iso, ya durƙusa zai tallafi kai kamar kullum. Ba jini, ba rauni, ga tafin hannu shimfiɗe a ƙasa. Ya daɗe yana kallon hannun nan. Sannan ya ce, "Tashi, Numeriyus. Yau ka san inda ƙasa take."

Kafin la'asar zance ya game gari. Ɗan majalisa ya rantse bai san zancen ba, ya tafi gonarsa ta bakin teku shan iska. Wa'adin wakili ya cika, alkama ta bi ruwa. Mu kuma muka zauna cikin fargaba, duk baƙon da ya shigo layi sai mu duba leɓensa. Mai tabo bai dawo ba, ba ya ma bukata.

Layinmu ne ya daina rugawa wurin yayana. In yayana ya faɗi sai ka ji an ce, "Yau kuma wa ya aiko ka?" Barin sana'a ba zai yiwu ba, me za su ci? Ni da Salbiya muka riƙa karɓa-karɓa wajen zama kusa da shi. Ya rame, ya riƙa juya wake daga nesa da doguwar muciya, yana jin tsoron tukunyarsa.

Wata rana ina dako a bakin kogi, Salbiya ta zaga ɗebo ruwa. Ƙarar ta tashi, kowa ya ji. Statiyus da bakinsa ya gaya mini daga baya, ya ce har ya tofa yawu, har ya ɗaga ƙafa, sai ya dakata ya ga inda hannun zai sauka. Yayana ya kife kan murhu, tukunya ta bi shi. Bai kai ƙarshen makon ba.

Me ya sa ka tsaya? Goge hancinka ka rubuta mini wannan, da manyan baƙaƙe. A ranar, hannunsa bai taɓa ƙasa ba.