Agogon Ɗumin da Malam Ya Bari

Duk mai son sanin gaskiyar aure a ƙasar nan, kada ya wahalar da kansa wajen malamai ko alƙalai. Ya shiga gida, ya tsaya a gindin matakala, ya dubi ɗan farin akwatin da ke manne a bango, ya tambayi wa ke da ikon taɓa shi. Mulki a nan yake, zalunci a nan yake, tausayi ma in akwai shi a nan ake ganinsa. Turawa na ce masa thermostat. Mu a gidanmu na Barking, nan gabashin Landan, agogon ɗumi muke ce masa, kuma shekara uku ban ɗora masa yatsa ba.

Na Malam ne, mijina. Shi ya dage aka cire mana tsohuwar boila, wato tukunyar ɗumama gida, aka kafa injin da ake kira heat pump, wani ƙaton akwati mai fanka a bayan gida, wanda wai yake tatso ɗumi daga iskar waje ya tura shi cikin bututun ɗakuna. Na ce masa shekara talatin na yi ina sauraron uzurin ɗalibai, ban taɓa jin ƙarya mai kyan tsari irin wannan ba, a ce za a samo ɗumi a iskar Landan cikin Janairu. Ya ce, "Malama, ilimi ne." Abin haushi, injin ya yi aiki.

Malam ba mai magana ba ne. Ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti, kuma yadda yake ba da sakamako haka yake hira, kalma biyu uku ya rufe. A zamanmu na shekara talatin da huɗu, mafi daɗin abin da ya taɓa faɗa mini shi ne miyar ta yi. Ya rasu farkon Nuwamba, da hantsi, bayan jinyar wata biyu. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma a cikin gida, ba ado, ba fita sai da lalura. Lissafin ya faɗo daidai kan sanyin shekara, daga farkonsa har ƙarshensa.

A Zariya mai takaba ba ta rasa mutane. Ga tsakar gida, ga rana, ga mata na shigowa da kwanuka. A nan kuwa ana gama sadakar bakwai kowa ya koma bakin aikinsa, ba don rashin kirki ba, don hutun da aka ba shi ya ƙare. Na rage ni da bango huɗu, ban da abin karantawa sai Alƙur'ani da halin gidan.

A nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba, domin da rana ina makaranta. Ƙarfe shida da rabi na safe bututu kan fara ƙas-ƙas, ɗumi ya taso. Takwas da rabi ya janye. Huɗu da rabi na yamma ya dawo. Na yi kwana uku ina duba agogo kafin abin ya dake ni: lokutana ne. Shida da rabi nake tashi. Takwas da rabi na riga na kama hanya. Huɗu da rabi nake saka makulli a ƙofa. Shi kuwa aikinsa na karɓa-karɓa ne, sau da yawa wuni yake a gida. Ashe shekara uku mutumin nan yana zaune cikin sanyi da hula da safa, yana ajiye mini ɗumin sai na dawo, bai taɓa faɗa ba. Kukan da na yi ranar ya fi na ranar jana'iza.

Na ɗauko littafin rubutu na kwafe lokutan da jan biro, kamar mai gyaran jarrabawa. Na kuma yanke wa kaina cewa ba zan canza ko minti ɗaya ba. Da rana sai in saka rigar sanyinsa, in ɗora zane biyu, in zauna inda yake zama.

'Yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, tana zuwa daga Stratford ranar Asabar. Tana jin Hausa sarai, da Turanci take amsawa. Ta shigo ta ga numfashina na hayaƙi a falo, ta ce, "Umma, this is mad." Ta miƙa hannu wajen akwatin.

Na ce, "Ke, sauke hannunki. Babanki ya saita."

Ta sauke. Ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Cikin Janairu agogon ya fara ciwo. Lambobin fuskarsa suka soma zubar da ƙafafu, takwas ta koma uku, uku ta koma abin da babu shi a lissafi. Daga nan ya riƙa ɗaukewa, in ya ɗauke injin waje ya yi tsit. Ni kuma na kama tari.

Ƙanin Malam ya taso daga Catford da leda a hannu. Tun ina amarya muke wasa da shi, mutuwa ma ba ta hana shi ba.

"Matarmu, na kawo miki na zamani. Wannan har da waya yake magana. Kina kwance ki ce masa ɗumi, ya ce to."

Na ce, "Ka dai samo wanda ya fi ka jin magana. Ka tambaya zai yi da injinmu?"

"Haba Yaya, duk ɗaya ne. Irinsa ne a gidana."

"Gidanka boila ce."

Ya ɓalle murfin namu, ya leƙa, ya leƙa bayan nasa. Siraran wayoyi biyu ne suka fito daga bango, nasa kuwa ramuka biyar yake da su, duk a buɗe. Ya ce bari ya gwada biyu daga ciki a gani. Na ce in ya ƙona injin yayansa shi zai je ya yi masa bayani. Ya fara dariya, ya fasa. Ya mayar da murfin a hankali, ya ci tuwo, ya tafi da ledarsa.

Wuni uku na yi a kan littafin injin, wanda aka rubuta da wani Turanci da ban taɓa koyarwa ba. Abin da na tsinta shi ne, agogon boila kalma biyu ya sani, kunna da kashe. Namu kuwa hira yake da injin ta wayoyin nan biyu, ya ji sanyin waje, ya faɗi zafin da ruwa zai kai. Kuma injin ba ya sauraron bare, sai ɗan gidansu. Kafin a san wanne ne ɗan gidan, sai an karanto lambar da ke jikin injin. Na fita bayan gida da mayafi, na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa na kwafo ta. Fitata mafi nisa ke nan tun Nuwamba.

Duk da haka ban kira kowa ba. Na san in aka cire tsohon, abin da Malam ya saka a cikinsa ya tafi. Wasiƙa ɗaya ya bar mini a duniya, ita ma a bango take tana mutuwa.

Tarin ya sauka ƙirji. Likita ta ji numfashina ta waya, ta tambayi ko gidan da ɗumi, na ce wani lokaci. 'Yata ba ta ƙara neman izinina ba, ta yi booking ɗin injiniya, ta ɗauki hutu ta zo ta zauna.

Injiniyan da ya zo dattijo ne ɗan zangon Kumasi. Yana ganin shigata ya gane, ya cire takalmi, ya yi mini ta'aziyya da Hausarsu. Ya duba lambar da na kwafo, ya ce an daina yin irin agogon namu, amma ya zo da ƙanin agogon na kamfani ɗaya, wayoyi biyun nan za su hau.

Na ce, "Lokutan da ke cikin tsohon fa, za su bi shi?"

"A'a Mama, ba su tsallakawa. Amma in an rubuta, sai in sa da hannu."

Na miƙa masa littafin. Na juya baya lokacin da yake kwance tsohon, na ji ƙarar ƙusa biyu a kan tebur. Ya ɗaura sabon, fuskar ta kama, injin waje ya yi gyaran murya. Ya buɗe littafin, ya dubi jan rubutuna, ya dubi agogon. Ya sake duban littafin.

"Mama, ba sai na sa ba. Ga su nan."

Na matso. Shida da rabi. Takwas da rabi. Huɗu da rabi.

Na ce, "Ka ce ba su tsallakawa."

Ya dubi 'yata, ita kuma ta dubi ƙasa. Ya ce, "Ba su tsallaka ba. Haka suke fitowa daga kwali. Tsohon ma ba wanda ya taɓa saita shi."

Duk wanda ya sayi irinsa, daga nan har Scotland, ƙarfe shida da rabi gidansa ke ɗumi.